Sharhi: Lokaci ya yi da wasan kwaikwayo zai daina mayar da Bafulatani abin dariya

Duk wanda ya taɓa kallon wasan kwaikwayo a bikin yaye ɗalibai ko a dandalin ƙauye a yankin Dambatta, Makoɗa ko Bichi, ya san wannan fitowar. Yaro ya saɓa sanda a kafaɗa, ya karya harshe, ya shigo kasuwa a cuce shi, jama'a su fashe da dariya. Idan ba a nuna Bafulatani a matsayin bagidaje ba, to shi ne mugun da ya tura shanu gonar talaka.

A da ana iya cewa raha ce kawai. Ƙasar Hausa tana da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa. Amma barkwanci yana da ƙa'ida: kowa na da bakin ramawa, kuma a ƙarshe zumunci ake ƙarfafawa. A kan dandamali kuwa, wanda ake kwaikwayo ba ya nan balle ya rama.

Yanzu kuma zamani ya sauya. Abin da ya faru a Zamfara darasi ne: da aka fara ɗora laifin ɓarayin shanu a kan ƙabila guda, sai 'yan sa-kai suka riƙa far wa Fulani har a kasuwanni, ramuwar gayya ta biyo baya, wutar ta ci kowa. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka fara taɓa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono da ke iyaka da Katsina, kallon zargi ga duk mai riƙe da sanda ya zama haɗarin da Kano ba za ta raina ba.

Abin takaicin shi ne, labarin da ya fi cancantar dandamali yana nan a gonakin yankin. A wannan karkara mai cunkoson jama'a, inda ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, taki ne ran gona. Shi ya sa manomi kan gayyaci makiyayi bayan girbi ya sauke garkensa a gonarsa: shanu su ci kara, ƙasa ta samu taki. Manomi kan damƙa wa Bafulatani 'yan shanunsa amana shekara da shekaru ba tare da takarda ba. Matar ruga ta kawo nono ta koma da gero, har ta zama ƙawar uwargida, a gayyace ta suna da biki. Ga abota, ga saɓani idan dabba ta yi ɓarna ko gona ta cinye burtali, ga sulhu a gaban mai unguwa da arɗo. Marubuci ba ya buƙatar abin da ya wuce wannan.

Wasan Hausa dama ba don nishaɗi kaɗai aka san shi ba. Malam Aminu Kano ya yi amfani da shi wajen sukar zalunci tun a shekarun 1940. Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Uwar Gulma na Mohammed Sada duk gyaran hali suka sa a gaba.

Don haka nauyi yana kan malaman Hausa da ke shirya wasannin makarantu, da ƙungiyoyin matasa, da masu shirya finafinan Kannywood waɗanda yara ke kwaikwayo daga wayar hannu. Su rubuta makiyayi a matsayin mutum mai suna, mai iyali, mai kirki da kuskure kamar kowa. Su gayyaci 'ya'yan ruga su hau dandamali su yi magana da bakinsu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano kuma za ta iya shirya gasa tsakanin makarantun karkara a kan wannan jigo.

Babu mai cewa wasa zai maye gurbin jami'an tsaro ko ya dawo da burtalin da aka nome. Amma yaron da ya tashi yana dariyar maƙwabcinsa, da wuya ya tsaya masa ranar da aka zo da zargi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.