Tsere A Gindin Ganuwa

Tsere wasa ne mai amfani. Yana ƙarfafa jiki, yana koya wa mutum jimiri. A zamanin nan akwai wani irin tsere wanda ba don cin kyauta a ke yinsa ba, sai don nishaɗi. Mutanen gari su kan taru, manya da yara, mai gudu ya yi gudu, mai sassarfa ya yi sassarfa, wanda ya gaji ya taka sannu har ya kai. A ƙasashe da yawa a kan shirya shi a wuraren tarihi. Wannan dabara ce mai kyau, ta kuwa dace da birni irin Kano, in dai an yi ta da hankali.

A ƙasar Girka kowace shekara a kan yi tsere daga garin Maraton zuwa birnin Atina, tafiyar kilomita 42, don tunawa da wani manzo da aka ce ya kai labarin nasarar yaƙi da gudu tun zamanin da. A ƙasar Sin kuma, tun 1999 a ke yin tsere a bisa babbar ganuwarsu. Ta haka baƙi da 'yan ƙasa su ke ganin abin da mutanen da suka gina.

Kano ma tana da ganuwa mai dogon tarihi. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya soma gina ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gado a 1463, ya ƙara mata faɗi. Kewayenta ya fi mil 10. Da ƙasa aka gina ta, mutane suka yi ta ɗauko ƙasar a kwanduna bisa kawunansu. A da, in damina ta wuce, a kan tara jama'a a gyara inda ruwa ya ci.

Yau fa ganuwar nan ta lalace ƙwarai. Ruwan sama ya zaizaye ta. Waɗansu sun haƙe ƙasarta sun yi gini, waɗansu sun kafa gidaje a gurbinta, waɗansu kuma sun mai da gindinta juji. Yara da yawa su kan wuce ta a mota, ba su san ko mece ce ba. To, abin da mutum bai sani ba, yaya zai ji zafin ɓacewarsa?

A nan ne amfanin tseren ya ke, gama gani ya kori ji. A ce an tashi daga Ƙofar Nasarawa, an bi ta Sabuwar Ƙofa, da Ƙofar Ɗan Agundi, da Ƙofar Na'isa, da Ƙofar Gadon Ƙaya, har zuwa Ƙofar Kabuga. Yaron da ya bi wannan hanya da ƙafarsa, ya yi gumi, ya san nisan da ke tsakanin ƙofa da ƙofa. Zai gane wahalar da magina suka sha. Zai ga inda ganuwa ta ke tsaye, ya ga inda ta zube. Darasi ne wanda allo da alli ba su iya ba shi.

Waɗansu dattawa suna cewa taron jama'a ɓarna ya ke kawowa, gara a bar wurin tarihi ya huta. Maganarsu tana da kama. Inda a ke tsere a ganuwar Sin, da dutse da bulo aka gina ta. Ta Kano kuwa ƙasa ce, in ƙafa dubu ta taka ta, sai ta marmashe. Amma barin wuri ba kowa bai hana shi lalacewa ba, ya dai ba masu ɓarna dama. Maganin abin shi ne a kafa doka guda mai ƙarfi: a yi gudu a gindin ganuwa, kada kowa ya hau kanta, ko mai tsere ko ɗan kallo.

Bayan wannan, akwai abin da ya wajaba masu shiri su yi. Su fara neman izinin sarki da hukumar da ke kula da kayan tarihi, su sanar da masu unguwa. Su sa ranar cikin watannin sanyi, da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Su roƙi 'yan sanda su tsai da motoci. Su tanadi ruwan sha da malamin asibiti. Ƙananan yara a yanka musu gajeren zango, 'yan mata kuma a ware musu nasu. A kowace ƙofa a tsai da dattijo wanda zai faɗi sunanta da labarinta. In an gama, kowa ya tsince ledar da ya yar, kuɗin da aka tara kuma a zuba su wajen gyara.

Ba Kano kaɗai ba, Katsina da Zariya ma suna da ragowar ganuwa da ƙofofi. Ɗan makaranta ba shi da kuɗin yi wa ganuwa yaɓe, amma yana iya sanin sunan kowace ƙofa ta garinsu, ya kuma hana ƙanensa hawa ko zuba shara. In yara suka tashi da wannan hali, na bayansu ma za su tarad da abin da za su gani.

Tambayoyi
1. Wane sarki ne ya soma gina ganuwar Kano?
2. Don me bai kamata a yi gudu a bisa ganuwar ƙasa ba?
3. Faɗi abu uku da ya wajaba masu shirya tsere su yi.