Garin Zinariya da Aka Wanke wa Jini

A jihar Kaliforniya ta Amurka akwai wani gari mai suna Kolambiya, inda aka tsinci zinariya a 1850. Tun 1945 hukuma ta mai da shi gidan tarihi mai rai: shagunan jan bulo na nan tsaye, maƙeri na bugun ƙarfe, ma'aikata na sanye da tufafin kakanninsu, baƙo ya hau keken doki, yara su wanke yashi a kwano ko za su ga ƙyallin zinariya. Masu yabon wannan tsari suna cewa haka ya kamata a koyar da tarihi, wai abin da hannu ya taɓa ba ya ɓacewa a ka.

Dabarar tana da kyau, amma wane tarihi ne hannun yake taɓawa? Ƙasar da aka haƙa ta ƙabilar Miwok ce. Masanin tarihi Benjamin Madley ya nuna cewa tsakanin 1846 da 1873 ƴan asalin Kaliforniya sun ragu daga kimanin 150,000 zuwa 30,000, ta hanyar kisa da yunwa da cuta. A 1850 aka kafa dokar da ta halatta wa Turawa riƙe ƴaƴan waɗannan mutane suna yi musu bauta. A shekarar kuma aka ɗora wa baƙin mahaƙa, irin su mutanen Meziko da Cile, harajin dala 20 kowane wata. Sai a 2019 gwamna Gavin Newsom ya nemi gafara, ya kira abin da sunansa: kisan ƙare dangi. Wannan ba ya shiga wasan ado, domin mai sayen tikiti nishaɗi ya zo nema. Ko an rubuta shi a wani allo, keken dokin yaro zai tuna.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu, zancen ya shafe mu. Mun ga tururuwar samari zuwa Jado a 2014, mun ga ramin da ya rufta a yankin Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi a 2021, ya haɗiye aƙalla mutum 18. Wata rana za a so a adana waɗannan wurare. Idan lokacin ya zo, a fara da sunayen mamata da muryar iyayensu, kafin a baje shebur da kwano. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.