Makero Ba Ƙaramar Cuta Ba Ce

Duk wanda ya leƙa tsangayu da makarantun firamare a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa na Jihar Jigawa zai ga yara da fararen tabo a ka, gashi ya zube. Makero ne ko kora, cutar da wata ƙwaya dangin fumfuna ke haddasawa.

Talauci ne ke yi mata taki. Yara suna kwana a cunkushe kan tabarma ɗaya, suna aron hula, wanzami kuma yana aske kawuna da yawa da aska guda. A bazara rijiyoyi na ja baya, wanka ya yi wuya. Da damina gumi da danshi su raya ƙwayar.

Man shafawa kaɗai ba ya kashe makeron kai. Sai an sha ƙwayar griseofulvin na makonni 6 zuwa 8, kuma iyaye da dama kan tsaya a rabi saboda kuɗi.

Muna kira ga Gwamnatin Jigawa ta samar da maganin kyauta a asibitocin sha-ka-tafi, ta haƙa wa tsangayu rijiyoyin burtsatse. Sarakuna da alarammomi kuma su ja hankalin wanzamai kan tsabtace aska bayan kowane aski.