Jirgin da Ya Fara Zuwa Kano Yana da Ɗan'uwa a Landan

Zuwa ga Edita, a wannan mako maganata da malamai da akawunan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ce.

Mutanenmu in Allah ya kai su Ingila, kantuna suke sa wa gaba. To, ga shawara. A Hendon, wata unguwa ta Landan, akwai gidan da mayaƙan sama na Ingila ke ajiye tsofaffin jiragensu. An buɗe shi a 1972, shiga kuwa ba a biyan ko anini. A can na ga wani jirgi, DH9A, mai fiffike sama da ƙasa, ƙirar katako da rufin yadi, mazaunin mutum biyu kacal. Irinsa ne guda uku suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, su ne kuwa jiragen sama na farko da suka zo Nijeriya.

Labarin bai tsaya nan ba. Zamanin yaƙin Hitila, tun daga 1940, ana kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Mutanen ƙasar nan kuma suka tara kuɗi don sayen jiragen yaƙi, har aka sa wa runduna ta 91, masu tashi da Spitfire, sunan Nijeriya.

Jama'a, ashe tarihinmu ne ke ajiye a gidan wani, alhali yaranmu ba su da labari. Kullum suna ɗaga kai su ga jirgi ya wuce, amma yaro nawa ya san abin da kakanninsa suka yi?

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Wanda ya sami tafiya, ya ba gidan nan yini guda, ya zo wa makarantar garinsu da hotuna da bayani. Wanda bai samu ba, ga Zariya kusa, inda aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Malamai su nemi izini su kai almajiransu, gama gani ya kori ji.

Allah ya ba mu ikon yi. Haza wassalam.

Naku,
Malamin Makaranta, Makarfi.