Masu dariyar "ɗaukar bidiyon sauro", ku zo mu yi magana

1/ Jiya wani ya ɗora bidiyon masu bincike sun kafa kyamara a wani ƙauye suna ɗaukar sauro da magariba. Ƙasan bidiyon dariya ce kawai: "an rasa aikin yi", "kuɗi ne suka yi musu yawa". Na so in wuce, amma abin ya tsaya min a rai. Ku ba ni minti biyar.

2/ Ka taɓa lura dab da magariba ƙananan ƙwari sun yi cincirindo a iska, saman rijiya, saman juji, wani lokaci ma saman kanka? Ka kaɗa hannu su watse, kafin ka sauke hannun sun dawo wuri ɗaya. Duk mun sha gani. Mu nawa ne muka tambayi me suke yi a wurin?

3/ Kusan dukkansu maza ne. Wasu sauro ne, wasu kuma ƙwari ne masu kama da sauro da ba sa cizo. Shi namijin sauro bai taɓa cizon kowa ba, ruwan furanni yake sha. Macen ce ke shan jini don ƙwayayenta su ƙosa, ita ce kuma ke raba mana maleriya.

4/ Wannan taron, dandalin neman aure ne. Maza su taru suna shawagi, mace ta kutso, namiji ya gane ta da sautin fukafukanta, su fice tare. Cikin kamar minti 20 zuwa 30 an gama, duhu na yi kowa ya kama gabansa.

5/ Ga inda ya kamata dariya ta tsaya: macen sauron maleriya yawanci sau ɗaya ake yi mata barbara a rayuwarta, ta ci gaba da zuba ƙwai da wannan har ta mutu. Wato duk sauron da ya hana ka barci, asalinsa yana bi ta irin wannan taron. Wanda ya san wurin da lokacin ya kama makogwaron abin.

6/ To me ya kawo kyamara? Ido ba zai iya bin ƙwaro ɗaya a cikin ɗaruruwa ba, ga duhu na shigowa. Sai a kafa kyamarori biyu gefe da gefe, kamar idanunka biyu, don a gane nisa. Kwamfuta ta haɗa hotunan ta zana hanyar da kowane ƙwaro ya bi, sama da ƙasa, gaba da baya.

7/ An yi haka da sauron maleriya a wani ƙauye kusa da Bamako a Mali, aka wallafa a 2012. A Italiya ma masana fiziks sun ɗauki ƙananan ƙwari a lambunan birnin Rum. Suka ga taron ba shi da shugaba, ba sa fuskantar gefe ɗaya kamar garken tsuntsaye, amma motsin wannan na taɓa na wancan, taron bai wargajewa.

8/ Za ka ce to sai me? Mu leƙa Burkina Faso. Farfesa Abdoulaye Diabaté, wanda shi kansa maleriya ta kusa kashe shi yana yaro, ya shafe shekaru yana bin waɗannan tarukan a ƙauyukan kwarin Kou, kusa da Bobo Dioulasso. Suna da alamar da suke bi a ƙasa: rijiya, tarin itace, bola. Kullum nan suke dawowa.

9/ Da suka san wuraren, sai suka sa mutanen ƙauye suna zuwa da magariba da gwangwanin feshi, suna fesa taron kai tsaye. Sakamakon da suka fitar a 2017 ya nuna sauro ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a ƙauyen. "Aikin banzan" kenan.

10/ Ba na cewa an gama da maleriya. Gwajin ƙauye ne, yana cin mutane da lokaci, kuma birni irin Kano ba ƙauye ba ne. Don Allah kada wani ya naɗe gidan sauronsa ya ce ni na ce. Amma gidan sauro sai ka kwanta yake aiki, shi kuma sauro ya fara jure magungunan da ake sa masa. Dole a nemo wata ƙofar.

11/ Abin da ke ƙona min rai shi ne waye ke dariyar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma yara ’yan ƙasa da shekara 5 ta fi kashewa. Wane gida ne damina ba ta kwantar da wani ba? Mu ne fa ke cikin ruwan, kuma mu ne ke yi wa mai miƙo igiya ba’a.

12/ Mun iya zagin gwamnati a kan kwata da rashin magani a asibiti, kuma ta cancanta. Amma idan ɗalibin ilimin halittu ya ce zai yi aikin kammala karatunsa a kan taron sauron unguwarsu, mu ne za mu fara ce masa ya nemi abin yi. Sai gobe mu ce komai sai Bature ya gano mana.

13/ Wayar da ke hannunka tana ɗaukar bidiyo mai rage gudu. Yau da magariba, kafin a kira salla, fita ka duƙa ka kalli yamma inda sauran haske yake, a nan ake ganinsu sosai. Ɗauka. Rubuta wurin, lokacin, da abin da ke ƙasansu. Gobe ka koma ka ga ko sun dawo.

14/ In ka samu, ɗora a ƙarƙashin wannan zaren da sunan garinku. Ɗaliban BUK, ABU da Jami’ar Abdou Moumouni, ina jiran naku. Su kuma masu dariya, in ba za ku ɗauka ba, ku bar masu ɗauka su yi aikinsu.