Kumbo Ba Kunne a Ƙasa, Aikin Banza Ne

Duk wanda ya bi ta Kurmin Mashi ya ɗaga kai, zai ga kwanonin satalayit bisa rufin gidaje, kowanne ya fuskanci sama. Mu masu nazarin halittu, in muka ga irin wannan kwano, kunnen zomo ne ke faɗo mana a rai. Faɗin kunnen shi ke tattara ƙaramin sauti ya kai shi ciki. Haka kwanon yake tattara raunanan igiyoyin rediyo ya tara su wuri guda.

Ra'ayina shi ne, mun cika ɗokin abin da aka harba sama, mun manta da abin da ke sauraronsa a ƙasa. Alhali kuwa kumbon da ba a jin saƙonsa, da shi da jifa a duhu duk ɗaya ne.

A duba kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977. Ƙarfin na'urarsa ta aika saƙo kamar wat 23 ne, bai kai na ƙwan lantarki mai wat 40 ba, kuma saƙon kan yi fiye da awa 22 kafin ya iso duniya. Ana jin sa ne da manyan kwanoni masu faɗin mita 70 da aka kafa wurare uku: Goldstone a Amurka, kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Canberra a Ostireliya. Dalilin rarraba su shi ne duniya juyawa take yi. Kafin kumbo ya ɓace wa wannan tasha, waccan ta hango shi.

Wani lokaci kuma sai an sa ɗan aike a tsakani. Motar bincike Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a 2021 takan miƙa yawancin hotunanta ga taurarin ɗan'adam masu kewaya Mars, su kuma su turo mana. Da Sin ta tashi saukar da kumbonta a bayan wata, ɓangaren da ba ya fuskantar duniya, sai da ta fara aika tauraron Queqiao a 2018 don ya riƙa isar da saƙo, sannan kumbon ya sauka a Janairun 1919 da ɗari, wato 2019.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, Kano tana cikin tashoshin da suka bi sawunsa. A watan Agusta na 1963 kuma, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zanta da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2. Daga baya aka gina tashoshin sadarwar ƙasa da ƙasa a Lanlate da kuma Kujama, nan kusa da mu a kan hanyar Kaciya.

To, me wasu suka yi da irin wannan gado? Tashar Hartebeesthoek da Amurkawa suka gina a Afirka ta Kudu a 1961 don sauraron kumbuna masu nisa, ta koma cibiyar nazarin taurari a hannun 'yan ƙasar. Gana ta gyara tsohon kwanon tarho mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse, ta buɗe shi a 2017 a matsayin na'urar sauraron taurari.

Na san wani zai ce, ana fama da yunwa da rashin wuta, ina ruwanmu da Mars? Tambaya ce mai nauyi. Amma tauraro yakan mutu a sama, kamar yadda NigComSat-1 ya yi a 2008, shekara guda da rabi bayan harba shi. Tasha kuwa a ƙasa take, ana iya taɓa ta, a kwance, a gyara, a koyar da ɗalibi a gindinta. Wanda ya iya tsamo saƙon da ya raunana haka, gyaran na'urar asibiti ko ta hasashen damina ba zai gagare shi ba.

Don haka ina kira ga hukumar NASRDA da jami'o'inmu su aika masana su duba tsofaffin tashoshin nan, su faɗa wa jama'a abin da zai gyaru. Malaman sakandare kuma kada su jira gwamnati. A sami tsohon kwano, a manna masa takardar gwangwani mai ƙyalli, a fuskantar da shi rana, ɗalibai su nemo inda zafi ya taru. A daidai wannan wurin ne ake ɗora na'urar karɓar saƙo a kwanonin gidaje irin na Kurmin Mashi.