Sunan da Mace da Namiji Ke Amsawa: Ina Laifinsa?



Kwanakin baya aka kawo wata ƙara zauren mai unguwarmu a nan Kumasi. Wani matashi ya samu ƙaruwar ɗiya mace, ya ce Ihsan zai raɗa mata. Mahaifinsa ya ce sam, ai a makarantar allo ya yi karatu da wani Ihsan, namiji mai gemu. Saura kwana biyu suna, an sayi rago, an raba goro, amma uba da ɗa ba sa ga maciji.

Mu a ganinmu, dattijon ya tsananta. Sunan da jinsi biyu ke tarayya a kansa ba baƙo ba ne a Musulunci. Sunan yankan Ummu Salama, matar Manzon Allah (SAW), Hindu ne, kuma ɗan Nana Khadija da ta haifa wa Abu Hala shi ma Hindu ne. Akwai Asma'u 'yar Abubakar, akwai kuma sahabi namiji Asma'u ɗan Harisa. Sunayen da Annabi ya sauya, saboda ma'anarsu ya sauya su: ya mayar da Barra Zainab don gudun yabon kai, ya mayar da Asiya mai ma'anar saɓo Jamila.

Al'adarmu ma ta san wannan. Wanda ya biyo bayan tagwaye Gambo ne, ko mace ko namiji. Auta ma haka. Nura da muke kiran 'ya'yanmu maza da shi, a ƙasashen Larabawa sunan mata ne. To, ma'ana ita ce ma'auni, Ihsan kuwa kyautatawa ce, daraja mafi girma a addini.

Sai dai muna da magana da matasa. Mu tsiraru ne a ƙasar nan. Maƙwabtanmu Asante har gobe suna riƙe da Kofi da Afua, Kwame da Ama, alhali mu Ladi da Jummai da Asabe sun fara ƙaranci a gidajenmu. Idan kowane gida ya bar sunan kakanni ya ɗauko na wayar hannu, wa zai tuna da Hauwa'u da Rakiya da suka sha wahalar kafa zangon nan? Takwara igiyar zumunci ce, kada mu tsinke ta da hannunmu.

Mafitar kuwa tana cikin al'adar tamu. A raɗa wa yarinya sunan kakarta, sannan a sakaya shi da Ihsan ko Iman, kamar yadda aka saba sakayawa da Ummi ko Walida saboda alkunya. A takardar haihuwa a rubuta duka biyun, don kada ma'aikacin da bai san sunayenmu ba ya ruɗe.

Haka aka sasanta wancan gida. Liman ya raɗa Hauwa'u, ana kiranta Ihsan, kakan da kansa ya tsaya kan rabon naman suna. Allah Ya raya ta bisa sunna, Ya albarkaci zuriyarmu baki ɗaya.